Neman Wurin Kafa Rumfa: Daga Sanyin Minesota Zuwa Kudancin Filorida

A ƙarshen watan Janairu na shekarar 2019 sanyin birnin Miniyapolis na jihar Minesota ya kai digiri 33 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, aka rufe makarantu, har ma'aikatan gidan waya suka dakatar da kai wasiƙu gida-gida. A daren da sanyin ya fi tsananta ne na'urar ɗumama gidanmu ta tsaya cik, kuma kafin mu gama shawarar abin yi sai maƙwabcinmu, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga aikin kafinta, ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce mu kwaso barguna mu biyo shi. Shekara shida muna gaisawa da shi ta kan shinge, amma ban taɓa taka cikin gidansa ba sai ran nan. Ya bi da mu ta wata siririyar matakala zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya kunna fitilu, ni da maiɗakina muka tsaya muna kallon juna.

Bangon ɗakin duka an lulluɓe shi da tabarmi da tsagin gora, an yi wa wani sashe jinka irin ta bukka, fitilu ja da kore da ruwan ƙwai suna rataye cikin kwanduna da ragar masunta, ga wani ɗan marmaro a kusurwa yana zubo da ruwa a kan duwatsu. Babu taga ko ɗaya, saboda haka babu abin da zai tuna wa mutum cewa dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a waje. Da yake ya san ba ma shan barasa, sai ya haɗa mana ruwan abarba da lemun tsami da madarar kwakwa da ɗan kirfa, ya miƙo mana a kofunan tangaran. Hajiya ta kurɓa, ta ƙara duban rufin, ta ce da ni a hankali, "Malam, ai wannan rumfa ce aka binne a ƙarƙashin ƙasa." Maganar nan tata ce ta zauna mini a rai, domin tun daga ranar na fara tambayar kaina dalilin da zai sa mutum ya ƙare rayuwarsa yana kwaikwayon inuwa da ɗumi a cikin rami, alhali akwai wuraren da ake samun su a sarari.

Abin da dattijon ya gina, Amurkawa suna kiransa tiki, kuma a daren ya ba mu tarihinsa dalla-dalla. Wani mutumin Texas mai suna Ernest Gantt, wanda daga baya ya koma amsa sunan Donn Beach, shi ya fara buɗe mashaya mai irin wannan ado a Hollywood a 1933, shekarar da aka janye dokar hana sayar da barasa a Amurka. Victor Bergeron na birnin Oakland ya bi sahunsa da gidajen Trader Vic's. Sojojin da suka dawo daga tekun Fasifik bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka ƙara wa abin kasuwa, haka ma tafiyar da Thor Heyerdahl ya yi a 1947 a kan kwale-kwalen gungume mai suna Kon-Tiki, kwana 101 daga Peru zuwa tsibiran Tuamotu, sannan Hawayi ta zama jiha a 1959 daidai lokacin da jiragen sama masu sauri suka fara kai masu yawon buɗe ido. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa babu wani tsibiri guda da tiki ya fito daga cikinsa. Barasar daga Karibiyan take, abincin na Sinawan Kanton ne, da yawa daga masu haɗa abin shan 'yan Filifin ne, kayan adon kuma an tsinto su daga tsibirai dabam-dabam masu nisan dubban kilomita a tsakaninsu. Mafarkin mazauna birane ne, kuma ya fi kama zukatan waɗanda hunturu ke kulle su a ɗaka wata biyar a shekara.

Ni abin da ya ja ni ba ya cikin kwalba, ba ya kuma cikin sassaƙaƙƙun gumakan da ake jerawa a irin waɗannan ɗakuna. Abin da na gani shi ne zama a ƙarƙashin jinka, da lambu mai ayaba da gwanda a kewaye, da fitila marar ƙarfi, da mutanen da suka ajiye gaggawa suka zauna hira har dare ya raba. Da yaranmu suka kammala karatu suka kama gabansu, kuma aikina ya koma na kwamfuta wanda ake yi daga ko'ina, ita kuma Hajiya ma'aikaciyar jinya ce da ba ta rasa asibitin da zai ɗauke ta, sai muka yanke shawarar tashi. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini, cewa ba za mu zaɓi gari daga hoto ba, sai mun je mun kwana mun tashi a cikinsa, kuma gwargwadon iko a watan da mazaunansa suka fi kuka da shi.

Da Kalifoniya muka fara, tunda can ne mahaifar abin. Mun sauka San Diego a watan Yuni, muka nufi Shelter Island, wani ɗan zirin ƙasa a bakin tashar jiragen ruwa inda gine-gine da yawa suke da dogon rufi mai tsini irin na tsibiran Fasifik, ciki har da gidan abincin Bali Hai da yake nan tun 1954. Garin yana da tsabta da kyan gani, kuma a nan ake yin taron Tiki Oasis kowace shekara, wanda ke tara masu wannan sha'awa daga ko'ina. Sai dai kwana huɗu muka yi, kullum hazo ne ke rufe sama tun safe har wajen azahar, da yamma kuwa sai mun ɗora rigar sanyi kafin mu iya zama a waje. Na tsoma ƙafa a teku na janye da sauri, domin ruwan da ke wanke wannan gaɓar daga arewa yake gangarowa. Ruwan sama bai wuce milimita 250 a shekara ba, wanda ke nufin duk ayabar da mutum ya shuka da ruwan famfo mai tsada zai shayar da ita, kuɗin matsakaicin gida kuma ya doshi dala miliyan ɗaya. Muka haura cikin hamada zuwa Palm Springs, inda otal ɗin Caliente Tropics na 1964 yake tsaye da rufinsa mai tsini, sai muka tarar da zafin da ya tuna mini bazarar Sakkwato, busasshe mai ƙona fatar hannu idan an taɓa ƙofar mota. A Yulin 2024 zafin garin ya kai digiri 51. Wurin da mutum zai shafe wata huɗu a kulle da na'urar sanyaya ɗaki bai bambanta da inda muka baro ba, illa dai abin da ke korar mutum cikin ɗaki ne ya canja. Mun sayi dabino mai kyau a kwarin Coachella muka juya.

Hawayi ce na fi ɗora wa rai, kuma ita ce ta fi ba ni wahalar yanke hukunci. Mun isa Honolulu a watan Fabrairu bayan tafiyar fiye da awa biyar a kan teku daga gaɓar Kalifoniya, muka fito daga jirgi iska mai ɗumi da ƙamshin furanni ta tarbe mu, Hajiya ta cire safar da ta sa tun daga Miniyapolis ta cusa a jaka. Washegari na je International Market Place a Waikiki, kasuwar da Donn Beach ya kafa a shekarun 1950 a kewayen wani ƙaton itacen banyan, ɗan'uwan ceɗiya, wanda ya taɓa gina ofishinsa a kan rassansa. Itacen yana nan, amma an rushe tsohuwar kasuwar an gina katafaren kanti na masu hannu da shuni a 2016. Ranar Juma'a muka tafi masallacin unguwar Manoa, wani gida ne da aka mayar masallaci a gindin duwatsu masu kore shar, na tambayi alƙibla aka nuna mini arewa da ɗan karkata yamma. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin Honolulu da Makka kusan a kan layi ɗaya suke, wajen digiri 21 arewa da layin da ya raba duniya biyu, amma nisan da ke tsakaninsu ya kai inda hanya mafi kusa ta saman duniya take bi.

Daga nan muka tsallaka babban tsibirin, muka sauka a Hilo, garin da ke samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara. Duk abin da aka jefa a ƙasa a wannan yanki tsirowa yake. A kasuwar manoma ta tsakiyar gari na ga gwanda da rake da gwaza da ayaba iri-iri, sannan a teburin wata tsohuwa 'yar asalin Filifin na hango damin ganyen da na tsaya ina dubawa don in tabbatar. Zogale ne, ɗanye shar, an ɗaure shi da roba. Ta ce su da shi suke miyar kaza, kuma kusan kowane gidan 'yan Filifin a tsibirin yana da bishiyarsa a bayan gida. Hajiya ta sayi dami biyu, da dare ta yi mana kwaɗo da man gyaɗar kwalba a ɗakin girkin gidan da muka kama, muna ci ruwa yana dukan kwanon rufi, ƙananan kwaɗin nan da ake kira koki, waɗanda suka shigo tsibirin daga Puerto Rico, suna ta kuka ba ƙaƙƙautawa. A daren na ce a raina abin nema ya samu.

Kwana biyu bayan haka wani dillali ya zaga da mu yankin Puna, kudu da Hilo, inda fili yake da arahar da ta ba ni mamaki. Ya nuna mana eka guda cike da itatuwa, ya yi ta yabon iska da shiru, bai ce komai ba game da dalilin arahar sai da Hajiya ta tambayi abin da ya sa hanyar da muka biyo ta ƙare a jikin wani baƙin tudu. Tudun narkakken dutse ne da ya daskare. A 2018 dutsen Kilauea ya tsage ƙasa a tsakiyar unguwar Leilani Estates, wutar ta malala wata uku, ta cinye gidaje fiye da 700, ta cike mashigin tekun Kapoho gaba ɗaya. Masana sun kasa tsibirin zuwa shiyyoyi tara gwargwadon haɗarin aman wuta, kuma filin da aka nuna mana yana shiyya ta biyu, inda samun inshorar gida da rancen banki yake da wuya. Yawancin gidajen yankin ba su da ruwan famfo, ruwan sama suke tarawa daga rufi zuwa manyan tankuna. Wannan bai tsorata ni ba, domin na tashi a gidan da ake tarbar ruwan indararo, amma na fahimci cewa araha ba ta ado. Ga wutar lantarki da ta fi ta kowace jiha tsada a Amurka, ga abinci da mafi yawansa jirgin ruwa ke kawowa, har kwalin madara sai mutum ya sake duba farashinsa.

Duk da haka, ba tsada ko wuta ce ta raba ni da Hawayi ba. Wata safiya muka zagaya yammacin tsibirin zuwa Puʻuhonua o Hōnaunau, wurin da a zamanin da wanda ya karya dokar haramci ta gargajiya da ake kira kapu, ko mayaƙin da aka ci da yaƙi, yake gudowa ya tsira da ransa idan ya samu ya shiga. Akwai wata katanga ta baƙin dutse da aka jera ba tare da laka ba, tsayinta ya kai mita uku, kaurinta ya haura mita biyar, kuma tana tsaye tun ɗaruruwan shekaru. A ƙarshenta akwai Hale o Keawe, ɗakin jinka da aka taɓa ajiye ƙasusuwan sarakuna a ciki, kewaye da sassaƙaƙƙun itatuwa masu buɗaɗɗen baki suna fuskantar teku. Mutanen Hawayi suna kiransu kiʻi, kalmar da ta yi daidai da tiki a harsunan Maori da Markesas. Na ga ƙunshin ganye da aka ajiye a gabansu, sabo, wanda ke nuna cewa har yau akwai masu zuwa da abin da ya wuce kallo. A wata rumfar kwale-kwale kusa da wurin na zauna da wani magidanci ɗan asalin tsibirin yana gyaran igiya, na gaya masa abin da ya kawo ni ba tare da ɓoye komai ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma nuna ɓacin rai ba. Ya ce shi bai ga laifin wanda ke son jinka da lambu ba, amma fuskokin da ake zuba barasa a cikin kofunan da aka ƙera da siffarsu, kakanninsa sunayensu suka sani ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara da cewa 'ya'yansa biyu suna Las Vegas saboda ba za su iya biyan haya a garin da aka haife su ba.

Maganar ta dake ni, domin na san abin da take nufi. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa 'yan asalin Hawayi da ke zaune a sauran jihohin Amurka sun fi waɗanda suka rage a tsibiran yawa. Ƙasa ce da ta taɓa zama masarauta mai cin gashin kanta, har wasu 'yan kasuwa Turawa da goyon bayan sojojin ruwan Amurka suka tumɓuke Sarauniya Liliʻuokalani a 1893, kuma lokacin da muka je ba a fi wata shida da gobarar garin Lahaina na tsibirin Maui ba, wadda ta hallaka mutum kusan ɗari ta bar dubbai ba matsuguni. Ni Musulmi ne, dama ba zan ajiye gunki a gidana ba, amma a Hōnaunau na samu dalili na biyu, na kuma gane cewa duk baƙon da ya zo da albashin wani wuri ya sayi gida a nan yana ƙara wa wani ɗan ƙasa nisa da gidan ubansa. Ban ce kowa ya ɗauki hukuncina ba, akwai waɗanda suka koma can suka zauna lafiya suka amfani jama'a. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Sannan akwai mahaifiyata a Zariya, wadda awa 11 ke tsakanin agogonta da na Hilo, kuma idan aka kira ni da labarin rashin lafiya sai na kwana biyu a hanya kafin in iso.

Filorida muka je a watan Agusta da gangan. Tun daga ƙofar filin jirgin Miami gumi ya jiƙa mini riga, iskar tana da nauyi kamar an jiƙa bargo an yafa wa mutum, kuma kusan kowace rana wajen la'asar hadari ke haɗuwa daga yamma, a yi tsawa a kece da ruwa na awa guda, sannan gari ya washe sauro ya fito. Wanda ya san damina ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mun bi hanyar da ta ratsa tsibiran Keys zuwa Key West, kilomita 180 da gadoji 42, ruwa kore a dama shuɗi a hagu, har muka tsaya inda aka rubuta cewa mil 90 ya rage zuwa Kyuba. Ba a taɓa ganin ruwa ya daskare a garin ba, kuma rumfunan jinka sun fi a ƙirga. Amma hanyar nan guda ɗaya ce, ita ce ta shiga ita ce ta fita, kuma guguwar Irma da ta faɗa wa tsibiran a 2017 ta nuna abin da hakan ke nufi ga mai shekaru irin namu. Kyan wurin na ziyara ne, muka dawo.

A hanyar dawowa ne muka ratse yankin Redland, ƙasar noma da ke kewaye da garin Homestead, kudu maso yammacin Miami. Gonakin mangwaro da fiya da gwaba ne jere da juna, da gidajen renon tsirrai, da 'yan rumfunan sayar da kayan marmari a bakin titi. Mun shiga Fruit and Spice Park, lambun gwamnati mai eka 37 da ke da irin mangwaro fiye da ɗari, inda doka ta hana tsinka amma ta yarda mutum ya ci duk abin da ya faɗo ƙasa. Wani ma'aikacin lambun ya nuna mini cewa ƙasar yankin ba ta wuce tafin hannu ba, ƙarƙashinta farin dutse ne, don haka duk wanda zai dasa bishiya sai ya kira mai injin haƙa ya fasa masa rami. Ya kuma nuna mini yakuwa, wadda tsofaffin mazauna jihar suka daɗe suna shukawa, mutanen Jamaika kuma suke dafa zoɓonta a lokacin Kirsimeti. Daga baya, a dandalin Young Circle na garin Hollywood da ke arewa da Miami, na tsaya a gindin kukoki manya da hannun mutum uku ba zai zagaye ɗaya ba. Ban yi tsammanin ganin kuka a Amurka ba, kuma na daɗe tsaye da tafin hannuna a jikinta.

Abin da ya yanke mini shawara kuwa a bayan wani gida na gan shi, kusa da Homestead, inda muka tsaya saboda na hango mutane a kan wani rufi suna baibaya. Dirkokin na itacen cypress ne da aka feƙe ɓawonsa, itacen fadama mai jure ruwa da gara, an ɗora musu tsaiko mai tsayi, babu bango ko ɗaya. Mutum biyu a ƙasa suna miƙa ganyen wata bishiya mai kama da giginya da ake kira sabal, biyu a sama suna karɓa, kowane ganye a lanƙwasa shi a kafa masa ƙusa a jikin sanda, layi bisa layi daga ƙasa zuwa sama yadda ruwa zai zame bai samu ƙofa ba. Ganyen ɗanye ne, ƙamshinsa kamar na sabuwar ciyawa, kuma da na shiga ƙarƙashin ɓangaren da aka gama sai na ji zafin ya ragu nan take, iska tana ratsawa ta ko'ina. Mai gidan ya kira ta rumfar tiki, kamar yadda kowa ke kiranta a jihar, amma shugaban masu aikin ya gyara masa cikin ladabi, ya ce sunanta chickee, wato gida a harshen mutanensa. Ƙabilun Seminole da Miccosukee, 'yan asalin ƙasar Amurka, su ne suka riƙe wannan gini a ƙarni na 19, lokacin da sojojin Amurka ke farautarsu cikin fadamun Everglades kuma suna bukatar matsugunin da za a kafa da sauri a bari da sauri. Dokar gine-gine ta Filorida ta keɓe chickee da 'yan waɗannan ƙabilu biyu suka gina daga sharuɗɗanta, muddin babu bango, babu wayar lantarki, babu famfo a jikinta, ko da yake dole a kiyaye tazarar da ƙaramar hukuma ta gindaya tsakanin gini da iyakar maƙwabci. Ya ce mini bayan 'yan shekaru sai an sake baibaya, kuma su ɗin ne za a sake kira.

Na yi ta tunanin wannan a mota. Na zagaya har tsakiyar Fasifik ina neman rumfar da aka kwaikwayo, sai ga ta asali a nan, da ganyen ƙasar da itacen ƙasar, kuma masu ita suna raye suna gina ta da hannunsu a biya su haƙƙinsu. Babu fuskar abin bautar kowa a jikinta.

Ban rufe ido ga aibin wurin ba. A nan Homestead ne guguwar Andrew ta sauka a watan Agustan 1992 ta mayar da unguwanni fili, abin da ya sa aka tsaurara dokar gini a yankin fiye da ko'ina a jihar, kuma lokacin guguwa yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kowace shekara. Jihar ba ta karɓar harajin albashi, amma abin da mutum ya tsira da shi a nan inshorar gida tana iya lashe shi, musamman idan rufin ya tsufa. Na koyi tambayar shekarar da aka yi rufi kafin in tambayi yawan ɗakuna, na koyi duba ko an ɗaure rufin da bango da ƙarfe, ko tagogi suna da marufin guguwa, na kuma koyi buɗe taswirar ambaliya ta hukumar agajin gaggawa ta Amurka, wato FEMA, kafin in je ganin kowane gida, domin duk yankin 'yan mitoci kaɗan ya ɗara teku, kuma a wasu unguwannin bakin ruwa teku kan hau titi a watan Oktoba ko da ba a yi ruwan sama ba. Wata biyu bayan ziyararmu guguwar Milton ta faɗa wa yammacin jihar, muna Miniyapolis muna kallo a talabijin, Hajiya ta juyo ta ce, "Malam, har yanzu kana kan bakanka?" Na ce ina kai, amma haya za mu fara kamawa.

Mun koma a watan Janairun 2025 don mu ga sanyin wurin, a makon da dusar ƙanƙara ta sauka a Pensacola da ke can arewacin jihar, abin da ya tabbatar mana cewa ba duk Filorida ce ke da ɗumi ba, kudancinta ne kawai. A Homestead rigar sanyi marar nauyi ta ishe mu da asuba, da hantsi kuma muka cire. A wannan zuwan muka je gidan abinci mai adon tiki da ake kira Mai-Kai, kusa da Fort Lauderdale, wanda wasu 'yan'uwa biyu daga Chicago, Bob da Jack Thornton, suka buɗe a 1956, aka sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 2014, ya rufe a 2020 bayan rufin ɗakin girkinsa ya rufta, sannan aka sake buɗe shi a Nuwamban 2024. Na zagaya lambunsa mai magudanan ruwa da fitilun wuta da kofin ruwan abarba a hannuna, na ɗauki hotuna na aika wa dattijon maƙwabcinmu, wanda ya taɓa gaya mini cewa a nan ya kawo matarsa, Allah ya ji ƙan rai, a farkon aurensu. Su ma 'yan'uwan nan daga garin sanyi suka fito, kuma abin da dattijon ya gina a ƙarƙashin gidansa ƙaramin hoton wannan wuri ne.

Yanzu muna cikin gidan haya mai ɗaki biyu a gefen Homestead, da tsohuwar bishiyar mangwaro a bayansa. Masallatai suna da yawa tsakanin Miami da Broward, naman halal ba ya wuya, shagunan mutanen Karibiyan kuma suna da doya da manja da busasshen zoɓo. Awa biyar ko shida ne tsakaninmu da Zariya, saboda haka ina samun mahaifiyata a waya bayan ta idar da la'asar. Mun yi alkawarin sai mun ga lokacin guguwa guda ya shiga ya fita muna nan kafin mu sayi gida, kuma na riga na karɓi lambar masu baibayar. Hajiya ta shuka zogale da yakuwa a manyan tukwane don mu iya tafiya da su duk inda muka koma. Ranar da muka bar Miniyapolis dattijon ya sauko da biyu daga cikin fitilunsa na kwando, ja da kore, ya naɗe su a tsohon bargo ya sa mana a bayan mota, ya ce zai zo a watan Janairu ya ga inda aka rataye su. Kafin rumfar ta samu, na rataye su a reshen mangwaron, kuma a ƙarƙashinsu muke shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i.